Yaron da Ya Fara da Matattun Rediyo

A kudu maso gabashin Afirka akwai wata ƙasa da a ke kira Malawi. Ƙasa ce 'yar siririya, ta miƙe a gefen wani babban tafki, mutanenta kuwa yawancinsu manoma ne. Masara ce abincinsu, suna tuƙa ta kamar yadda a ke tuƙa tuwo a ƙasar Hausa, suna kiran tuwon nsima. A cikin lardin Kasungu na wannan ƙasa akwai wani ƙauye kusa da kasuwar Wimbe. Nan ne wani yaro mai suna Wiliyam Kamkwamba ya tashi. An haife shi a shekarar 1987. Ubansa yana noman masara da taba, yana da 'ya'ya bakwai, shida mata, Wiliyam kaɗai ne namiji.

A lokacin ƙuruciyarsa babu wutar lantarki a gidajen ƙauyen. In rana ta faɗi sai a kunna 'yar fitilar kananzir mai hayaƙi. Ran da babu kuɗin kananzir kuwa, kowa ya nemi shimfiɗarsa da wuri. Amma akwai rediyo mai aiki da batir, shi ne ke kawo wa mutane labarin duniya da kiɗa da wa'azi.

Yara da yawa in sun ji murya tana fitowa daga akwatin rediyo su kan yi mamaki, sa'an nan su manta su tafi wasa. Wiliyam bai manta ba. Da ya kai wajen shekara 13, shi da wani ɗan'uwansa mai suna Jefri suka shiga tara matattun rediyo, waɗanda masu su suka fid da rai da su. Su kan buɗe bayan akwatin su zura wa wayoyin nan ido, ga ja, ga baƙa, ga shuɗiya, ga waɗansu 'yan abubuwa kamar ƙwayar wake a jere bisa allo. Ba su da malami, ba su da littafi. Abin da su kan yi shi ne, su sa batir, su cire waya ɗaya, su kasa kunne su ji abin da ya sake. In murya ta ɗauke, sun san aikin wannan waya. In murya ta ragu, sun san wannan ɗan waken shi ke ƙara mata ƙarfi kafin ta isa lasifika. Sai su mayar, su cire wata. Rediyon da suka ƙarasa kashewa ta wannan hanya ba kaɗan ba ne, amma da ya ke da ma matattu ne, ba wanda ya bi su bashi.

Wahalarsu ta fari ita ce kayan aiki. Mai gyaran rediyo na kasuwa yana da wani ƙarfe mai zafi da ya ke narka dalma da shi don ya liƙe waya. Su ba su da shi. Sai su sa wata waya mai kauri cikin murhu, in ta yi ja su ɗauko da sauri su dangwala. Kafin a liƙe wuri biyu ta huce, sai a koma murhu.

Wahala ta biyu batir, gama kuɗinsa ya fi ƙarfinsu. Sai su bi juji a kasuwa suna tsintar waɗanda aka yar. Kowane ɗaya su gwada shi da ƙwan tocila da guntuwar waya. Wanda ya ba da haske ko da dishi-dishi ne su aje, wanda bai motsa ba su jefar. Sa'an nan su naɗe kwali kamar bututu, su jera batiran a ciki, kan wannan yana taɓa gindin wancan, su ja waya daga kowane ƙarshe zuwa cikin rediyo. Ga abin mamaki, batiran da kowannensu ya kasa, in sun haɗu sai rediyo ya yi magana.

Dalilin haka ba wuya. Ƙarfin da batir ke tura wuta da shi ana auna shi da wani awo da a ke kira bolt. Sabon batirin tocila yana da bolt ɗaya da rabi. In an jera biyu, kai da gindi, sun zama bolt 3, in huɗu ne bolt 6. Tsohon batir ƙarfinsa ya ragu, amma bai ƙare sarai ba, saboda haka in an jera da dama sai ragowar ta taru. Akwai kuma wata ƙa'ida da yaran nan suka gane da hannunsu tun ba su karanta ta ba. Wutar lantarki ba ta tafiya sai ta sami hanyar da za ta zagaya ta komo inda ta fito. Ta fita ta wannan kai na batir, ta bi waya, ta ratsa ƙwai, ta komo ta wancan kai. In hanyar ta yanke a ko'ina, ko da faɗin gashi ne, kome ya tsaya. Rabin gyaran rediyo neman inda hanya ta yanke ne.

Ana nan, sai mutane suka fara kawo musu rediyo gyara. Da fari manya suna raina su, suna cewa me 'yan yara suka sani. Da suka ga akwatin da ya yi wata da watanni shiru ya buɗe baki, sai ɗakin Jefri ya cika da wayoyi da tarkace.

Ran nan wani abokin uban Wiliyam ya zo da dare bisa keke, fitilar keken tana haske. Da ya tsaya, sai fitila ta mutu. Wiliyam ya duba, bai ga batir ba, sai wani ɗan ƙarfe kamar kwalba ya jingina da taya. Wannan shi a ke kira dainamo. A cikinsa akwai maganaɗisu da waya ta jan ƙarfe da aka naɗe sau da yawa. In taya ta juya, maganaɗisu ya juya kusa da naɗin wayar, sai wuta ta taso. Wani Bature na Ingila, Maikel Faraday, shi ya gano wannan a shekarar 1831, kuma har yanzu manyan injunan da ke ba birane wuta bisa wannan dabara su ke aiki, ko ruwa ke juya su, ko tururi, ko iska.

Wiliyam da Jefri suka ari keke mai dainamo, suka kifa shi, suka ja wayoyin zuwa gurbin batir na rediyo, suka juya feda. Shiru. Suka sake sa wayoyin a wani rami dabam da ke jikin rediyon, inda a ke sa wutar gida. Sai kiɗa ya tashi. Ashe wutar iri biyu ce. Ta batir hanya ɗaya ta ke bi, kamar ruwan rafi. Ta dainamo kuwa kai da komowa ta ke yi, kamar zarto a hannun kafinta. Ɗaya yana juya feda da hannu, ɗaya yana rawa, har hannun mai juyi ya gaji. Nan Wiliyam ya fara tunani, shin mene ne zai riƙa juya wannan taya, ba mutum ba, don su biyu duka su sami rawa?

Bai sami amsa ba sai da masifa ta auko. A ƙasarsu damina ta kan fara ne wajen Disamba, lokacin da a ke sanyin hunturu a Kano. A shekarar 2001 ruwa ya yi ɓarna, sa'an nan ya ɗauke, masara ba ta yi ba. Kafin ƙarshen shekara rumbuna sun zama wayam. Yunwa ta shiga ƙasa, ta kai har cikin 2002, mutane da yawa suka mutu. A gidan su Wiliyam aka koma cin abinci sau ɗaya a yini, da dare, kowa loma uku. Lokacin nan ne ya shiga makarantar sakandare. Kuɗin makaranta na shekara wajen dalar Amurka 80 ne, ubansa kuwa ba shi da ko na abinci. Tilas yaro ya komo gida.

Wannan abu ya yi masa zafi ƙwarai. In ya dubi ubansa tsaye cikin busasshiyar gona, sai ya ga kansa nan gaba, ba abin da zai dogara da shi sai ruwan sama. Don kada abokansa su bar shi a baya, sai ya riƙa zuwa wani ɗan ɗakin karatu da ke makarantar firamare ta Wimbe. Ba wani babban wuri ba ne, kanta uku ne kawai na littattafai, waɗanda aka aiko daga Amurka. Turancinsa kuwa bai yi ƙarfi ba. Saboda haka sai ya bi ta wajen zane. In ya ga hoton batir da ƙwai da kibiya, ya nemi kalmar da ke ƙarƙashin hoton, ya bi ta cikin rubutu har ya gane abin da a ke nufi. Wadda ta gagare shi ya tambayi malamar da ke kula da ɗakin. Abubuwan da ya taɓa da hannunsa cikin matattun rediyo, yanzu ga sunayensu, ga dalilansu.

Wata rana yana neman ƙamus, sai ya ci karo da wani littafi mai suna Using Energy. A bangonsa akwai hoton waɗansu dogayen hasumiyoyi farare, kowace da farfela uku a kanta. Ya buɗe, ya karanta cewa iska ce ke juya su, suna ba da wutar lantarki, kuma irinsu na iya jawo ruwa daga ƙasa. To, ga amsar tambayarsa. Iska kuwa ba ta yanke musu ba, ko a shekarar yunwa. In akwai wuta an huta da kananzir. In akwai ruwa ana iya noman rani, a girbe sau biyu a shekara.

Littafin bai faɗi yadda a ke ƙera abin ba, hoto ne kawai da 'yar magana. Wiliyam ya fara da ƙarami don gwaji, da robar man shafawa da ɗan injin tsohon rikoda. Iska ta juya shi, rediyo ya yi kiɗa. Sai ya ɗaura niyyar babba.

Kusa da makarantar da ya bari akwai wani tsohon gandun taba, inda aka zubar da matattun motoci da injuna cikin ciyawa. Nan ya mayar wurin zuwansa kullum. Ya sami fankar tarakta, ya sami wani sandan ƙarfe na ƙafar mota, ya tono bututun roba. Ya roƙi ubansa wani mataccen keke da ke jingine a ɗaki, da ƙyar ya ba shi. Ɗakinsa ya cika da tarkace har uwarsa ta damu. Mutane in sun gan shi da buhu yana tonon juji su kan ce misala, watau mahaukaci da harshensu na Chichewa. Waɗansu suka ce wiwi ya ke sha.

A nan ya kamata a tsaya a dubi irin kayan aikinsa, gama a wurin nan ne labarin ya fi ban tausayi, ya kuma fi ban sha'awa. Yana bukatar farfela masu faɗi, sai ya tsaga bututun roba, ya gasa shi bisa wutar ciyawa har ya yi laushi, ya danne shi ya miƙe. Yana bukatar abin huda rami, sai ya soke doguwar ƙusa cikin totuwar masara, totuwa ta zama mariƙi, ya sa bakin ƙusar a wuta, in ya yi ja ya huda roba da shi. Rami ɗaya sai an koma wuta sau da yawa. Yana bukatar 'yan faya-fayen ƙarfe da a ke sa wa noti don ya kama sosai, sai ya tsinci marafan kwalba ya buge su da guduma ya huda. Inda aikin ya bukaci walda, sai da ya yi ƙwadago ya sami kuɗin biyan mai walda. Dainamo kuwa, wanda shi ne zuciyar aikin duka, ya gagare shi sam, har sai da abokinsa Gilbat, ɗan sarkin yankinsu, ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya saya masa.

Su uku, da Jefri da Gilbat, suka sare itacen turare, suka kafa hasumiya mai tsawon wajen mita 5 a bayan gida, suka ja injin sama da igiya. Mutanen kasuwa suka hango abin, suka taru don su sha dariya. Wiliyam ya hau, yana riƙe da ɗan ƙwan fitila da ya haɗa da wayoyin dainamo. Ya zare ƙarfen da ya tokare taya. Iska ta buso, farfela ta fara juyi, hasumiya tana rawa. Sai ga ɗan ja-ja cikin ƙwai, sa'an nan ya kama sosai. Masu dariya suka koma tafi. Wannan a shekarar 2002 ne, yana da shekara 14.

Aiki bai ƙare nan ba. Ya ja waya zuwa ɗakinsa. Da ya ga in iska ta kwanta wuta ta ɗauke, sai ya nemi tsohon batirin mota mai bolt 12 don ya riƙa tara ta. Amma batir ba ya karɓar wuta mai kai da komowa. Sai ya ciro wani ɗan abu daga tsohon rediyo, ana kiransa dayod. Shi kamar ƙofa ne mai barin wuta ta wuce gaba, ba ya barin ta ta komo. Ya yi makunni da robar silifa. A ƙarshe ƙwai huɗu ke ci a gidan, maƙwabta kuma suna zuwa cajin waya.

Sai dai wayoyinsa tsirara su ke, ba rufi, rufin ɗakin kuwa ciyawa. Ran nan gara ta cinye azara, rufi ya rufto, wayoyi suka haɗu. Allah ya kiyaye gobara ba ta tashi ba. Wannan ya tsorata shi, ya koma ga littafi. Ya naɗe ƙusa biyu da waya, ya sa maganaɗisun lasifika tsakaninsu. In wuta ta yi yawa farat ɗaya, sai ƙusa ɗaya ta fizgo maganaɗisun, hanya ta yanke. Da ya fara yin wannan tun kafin ya ja waya cikin ɗaki, da ya fi.

A shekarar 2006 waɗansu jami'an ilmi suka zo duba ɗakin karatun, suka ji labari, suka kawo 'yan jarida. A 2007 aka gayyace shi wani babban taro a Arusha ta ƙasar Tanzaniya. Masu taimako suka mayar da shi makaranta, har ya gama jami'ar Dartmouth a Amurka a 2014. An haƙa rijiya mai zurfi a gidansu, da famfo mai aiki da hasken rana. An rubuta labarinsa a littafi a 2009, an yi fim da shi a 2019. A wurin taron nan na Arusha ne aka fara nuna masa intanet. Aka rubuta sunan injin iska, sai ga bayani da zane ba iyaka, abin da ya yi watanni yana lalube cikin duhu.

Ramin da Wiliyam ya ɓata yini yana hudawa da ƙusa mai zafi, da akwai injin huda, da kafin a ƙirga goma an gama. Yara nawa ne masu irin kansa waɗanda ba su sami Gilbat ba, suka gaji suka bari? Saboda irin wannan ne a ƙasashe da yawa a ke buɗe wani irin wuri da za a iya kira maƙerar jama'a. Ɗaki ne da a ke tara kayan aikin da mutum ɗaya ba ya iya saye: ƙarfen narka dalma, da filaya, da sukuddireba iri iri, da injin huda, da agogon auna wuta, da kwamfuta. Kowa ya zo ya yi aikinsa, ya share wurin, ya mayar da kaya inda ya ɗauka. Wanda ya iya ya nuna wa wanda bai iya ba. Duk wanda ya taɓa zama a maƙerar garinsu, ya ga yaro ya fara da zuga har ya kai ga riƙe awartaki, ya san yadda irin wannan koyo ya ke. Bambancin shi ne, maƙerar gari yawanci gado ce, wannan kuwa ta kowa ce, mace da namiji.

Wani malami na jami'ar MIT a Amurka, Nil Gashenfeld, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan dabara, ya kira nasa ɗakunan Fab Lab. Ɗaya daga cikin na farko an buɗe shi a makarantar koyon sana'a ta Takoradi a Gana, a 2004. A Lome ta ƙasar Togo an buɗe wani mai suna WoeLab a 2012. A can ne wani mutum, Afate Gnikou, ya tsinto sassan matattun kwamfutoci daga juji, a 2013 ya haɗa injin da ke gina abu da narkakkiyar roba, hawa bisa hawa, yadda aka zana masa. An kuma yi bikin nuna ƙere-ƙere na Afirka a Akara a 2009, da Nairobi a 2010, da Alƙahira a 2011, da Legas a 2012.

Inda babu irin wannan ɗaki, kusurwar aji ta isa, in malami ya yarda. Akwati ɗaya, da filaya, da sukuddireba, da mataccen rediyo ko tocila da wani ya bayar da yardarsa. Amma akwai abubuwan da ba a wasa da su ko kaɗan. Wutar da ke jikin bango bolt 230 ce, tana kashe babba balle yaro, mai koyo ba ruwansa da ita. Tsohon talabijin yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an cire shi daga bango, ba a buɗe shi. Batirin wayar hannu ba a huda shi, ba a sa shi kusa da wuta, gama yana fashewa. Ruwan batirin mota yana ƙone fata. Dalma kuwa guba ce, wanda ya taɓa ta ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

Aikin fari shi ne wanda su Wiliyam suka fara da shi. A sami batirin tocila biyu, da ƙwan tocila, da waya guntaye uku. A jera batiran cikin kwali, a haɗa hanya har ƙwai ya kama. Sa'an nan a yanke hanyar a wuri ɗaya, a bar bakin waya biyu suna duban juna, a riƙa sa abubuwa tsakaninsu ɗaya bayan ɗaya. In an sa cokalin ƙarfe, ƙwai ya kama. In an sa ƙusa, ya kama, sai fa in ta yi tsatsa, sai an kankare ta tukuna. In an sa tsinke, ko takarda, ko robar silifa, shiru. Daga nan a fere fensir, a ciro ɗan guntun baƙin da ke cikinsa, a sa shi tsakani. Ƙwai zai kama, amma dishi-dishi, kuma in an matso da bakin wayoyin kusa da juna bisa guntun, sai hasken ya ƙaru.